Daga Idon Ruwa zuwa Famfo: Tarihin Kwaikwayon Halitta a Ƙirar Mashayar Jama'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wani ɗan ƙaramin gini da ake samu a manyan biranen duniya, watau wurin da aka tanadi ruwan sha kyauta domin duk wanda ƙishirwa ta kama a kan titi ko a lambun shaƙatawa. A Hausa, kalmar mashaya tana nufin bakin kogi ko tafki inda ake zuwa shan ruwa, ko da yake a wannan zamani ta ƙara ɗaukar ma'anar gidan giya. A nan za a yi amfani da ita ne bisa ma'anarta ta asali, a kira irin wannan gini mashayar jama'a, ko da famfo a jikinsa ko babu.

Duk wanda ya ƙare wa waɗannan mashayu kallo zai ga wani abu guda da ya game su, daga wannan ƙasa zuwa waccan, daga wannan ƙarni zuwa wancan. Abin kuwa shi ne, masu ƙirarsu daga halitta suke ɗauko siffofinsu. Ga furanni da 'ya'yan itatuwa, ga ƙumbar teku, ga kifi da zalɓe, ga kan bijimi ruwa na zubowa daga bakinsa. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce, me ya kawo haka, kuma wace rana wannan kwaikwayo ya yi wa mai sha?

Za a ga cewa kwaikwayon iri biyu ne. Akwai kwaikwayon siffa, watau a sassaƙa ko a zuba ƙarfe ya yi kama da wani abin halitta. Akwai kuma kwaikwayon ɗabi'a, watau magini ya lura da yadda idon ruwa ke gudana, da yadda ƙasa ke tace shi, da yadda iska ke sanyaya shi, sa'an nan ya sa gininsa ya yi aiki haka. Tarihin da za a bi, daga Alƙahira ta ƙarni na 15 zuwa Landan ta ƙarni na 21, ya nuna cewa na farko shi ke jawo mutum ya zo ya sha, amma lafiyar mai shan a hannun na biyu take.

2.0 Sabil a Alƙahira da Santambul

Tun kafin biranen Turai su san lambun jama'a, biranen Musulmi sun san mashayar jama'a, wadda Larabawa ke kira sabil. Asalin ma'anar kalmar ita ce hanya, kuma ita ce Hausawa suka sani a cikin furucin nan na fi sabilillahi. Shayar da mai ƙishirwa yana cikin manyan sadakoki a Musulunci, saboda haka sarakuna da attajirai suka riƙa gina sabil su yi masa waƙafi, domin ladan ya ci gaba da riskar su bayan sun kau.

Tsohon birnin Alƙahira ba a gaɓar kogin Nilu yake daf ba, rijiyoyinsa kuma ruwan zartsi gare su. Masu ga-ruwa ne ke kawo ruwan kogi cikin salkuna a bayan raƙuma da jakuna, wanda ba shi da abin saye kuwa sai ya dogara ga sabil. Tsarin ginin hawa uku ne. A ƙarƙashin ƙasa akwai babbar matattara wadda ake cikawa da ruwan Nilu lokacin da kogin ya kawo. A samanta akwai ɗaki mai manyan tagogi da aka tsare da saƙar tagulla, inda ma'aikaci ke miƙo ruwa ga masu wucewa. A hawa na sama kuma akwai makarantar allo ta yara, galibi marayu. Sabil ɗin Sarki Ƙayitbay na 1479 da na Abdurrahman Katkhuda na 1744 suna nan tsaye har yau, kuma lokacin da Faransawa suka shiga Masar a 1798 sun tarar da sabil fiye da 300 a birnin.

Abin da ya shafi batunmu a cikin wannan gini shi ne wani faffaɗan allon dutse mai santsi da ake jinginawa a bangon ɗakin, wanda aka sa wa suna salsabil, sunan wani marmaro na Aljanna da aka ambata a Suratul Insan. Akan sassaƙa fuskar allon da zane mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar igiyar ruwa. Idan aka sako ruwa daga sama, zanen yakan karya gudunsa, ya baza shi ya zama siriri a kan dutsen, iska ta ratsa shi, wani ɓangare ya tashi ya tafi da zafi, sauran ya isa kwano da sanyinsa. Watau zanen da ido ke ɗauka ado ne, shi ne kuma ke yin aikin da duwatsun ƙorama ke yi wa ruwan da ke gangarowa a kansu. A nan kwaikwayon siffa da na ɗabi'a sun haɗu a dutse guda, abin da ba kasafai za mu sake gani ba a sauran tarihin.

A Istanbul, wadda Hausawa ke kira Santambul, ado ne ya fi ƙarfi. A zamanin da aka sa wa sunan furen lale, daga 1718 zuwa 1730, mashaya ta fita daga jikin bangon masallaci ta tsaya da ƙafarta a tsakiyar fili. Wadda Sarki Ahmad na Uku ya gina a 1728 a ƙofar fadar Topkapi, da wadda Sarki Mahmud na Ɗaya ya gina a 1732 a Tophane, an lulluɓe su da sassaƙen furanni da rassa da itatuwa masu 'ya'ya. Da yake masassaƙan Musulmi sukan kauce wa siffanta mai rai a irin waɗannan gine-gine, sai tsirrai suka zama harshensu, lambun da ke jikin dutsen kuwa yana tuna wa mai sha lambunan Aljanna. Daga baya mashayun suka bi jama'a zuwa fadamun da ake fita shan iska a gaɓar mashigin Bosforus, alal misali wadda aka gina a Kucuksu a 1806 da sunan mahaifiyar Sarki Salim na Uku. Ana iya cewa a nan ne mashaya da wurin shaƙatawa suka fara zama abokan juna.

3.0 Annoba da Lambu a Landan

A Ingila, annoba ce ta haifi mashayar jama'a ta zamani. A farkon ƙarni na 19 masana'antu sun kwaso mutane daga ƙauyuka sun cusa su a birane, cikin unguwanni masu cunkoso da ba su da magudanar ƙazanta. Ruwan Landan a hannun kamfanoni masu zaman kansu yake, wasunsu kuwa daga kogin Tems suke ɗiba, kogin da najasar birnin ke kwarara cikinsa. Cutar kwalara ta shiga ƙasar a 1831, ta dawo a 1848, ta sake dawowa a 1853. A 1854 ta kashe mutum fiye da 600 a unguwar Soho, kuma a nan ne likita John Snow ya bi gidajen mamatan ya gano cewa yawancinsu daga rijiya guda suke sha, wadda ke titin Broad. Ya shawo kan hukumar unguwar ta cire hannun famfon rijiyar. Abin lura shi ne, an san ruwan wannan rijiya da daɗin sha, har akwai masu aikowa daga nesa a ɗebo musu. Ke nan ido da harshe ba su isa su bambance ruwan lafiya da na ajali ba.

A wancan lokaci yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, saboda haka maganin da aka fara tunani shi ne a buɗe wa talaka fili ya shaƙi iska. An buɗe Lambun Biktoriya a gabashin Landan a 1845, da na Birkenhead kusa da Liverpool a 1847. Irin wannan lambu shi kansa kwaikwayon karkara ne, domin tafkinsa haƙa shi aka yi, tuddansa tara su aka yi, itatuwansa kuma dasa su aka yi yadda za a zaci da kansu suka fito. Wanda ya wuni a ciki da iyalinsa dole ƙishirwa ta kama shi, abin da ya fi kusa da shi kuwa gidan giya ne.

Wani ɗan kasuwa mai suna Charles Melly shi ya fara kafa mashayu a Liverpool a 1854, bayan ya ga irinsu a Janiba. A 1859 ɗan majalisa Samuel Gurney da lauya Edward Wakefield suka kafa ƙungiyar samar da mashayu kyauta a Landan, da goyon bayan malaman coci da masu yaƙi da shan giya. Ranar 21 ga Afrilu na wannan shekara aka buɗe ta farko a jikin shingen cocin Saint Sepulchre. 'Yar ƙarama ce, da siffar ƙumbar teku a wurin da ruwan ke fitowa, da moɗa ɗaure da sarƙa. Ba da daɗewa ba aka ƙiyasta mutum 7,000 ke sha daga gare ta a kullum. Cikin shekara shida aka gina wasu 85, a 1867 kuma ƙungiyar ta ƙara da kwamin shayar da dawaki da shanu.

Da abin ya shiga lambuna sai ado ya bunƙasa. Attajira Angela Burdett-Coutts ta gina wata ƙasaitacciyar mashaya a Lambun Biktoriya a 1862, da siffofin yara a kan dabbar tekun nan da ake kira dolfin. A 1869 wani attajirin Bombai, Cowasji Jehangir, ya ba da kyautar wata a Lambun Regent, da sassaƙen zaki da bijimi. Maƙerar Walter Macfarlane ta Glasgow kuwa ta mai da abin haja: tana zuba mashayun ƙarfe masu siffar zalɓe da furen bado, hukumar gari ta zaɓa daga littafin samfuri, a aika mata har ƙasashen da Ingila ke mulka. Yawancin waɗannan halittu ma'abota ruwa ne, kuma saƙonsu ɗaya ne, wanda ko wanda bai iya karatu ba zai fahimta: wannan ruwa tamkar na idon ruwa ne, sha ba fargaba.

To amma abin da ya gaskata wannan saƙo ba ya jikin ginin. A 1829 injiniya James Simpson ya gina wa kamfanin ruwa na Chelsea matatar rairayi, inda ruwan kogi ke tsatsowa a hankali ta cikin rairayi da tsakuwa, kamar yadda ruwan sama ke ratsa ƙasa kafin ya ɓullo a idon ruwa. Dokar ruwa ta 1852 ta tilasta wa kamfanonin Landan su riƙa tace ruwansu. Wannan matata, wadda mai sha ba ya gani, ita ce kwaikwayon halittar da ya tsare rayuka.

4.0 Faris da Rum

A Faris, gyaran birni da Haussmann ya jagoranta a zamanin Napoleon na Uku ya kai kwaikwayon karkara matuƙa. A lambun Buttes-Chaumont da aka buɗe a 1867, har shingaye an yi su da siminti mai kamar reshen itace. A ɗaya gefen kuma injiniya Eugène Belgrand ya jawo wa birnin ruwan idanun ruwa na ainihi ta magudanai masu tsawon fiye da kilomita 100. Sai dai yaƙin Faransa da Furushiya na 1870 zuwa 1871, da tawayen da ya biyo baya, sun lalata hanyoyin ruwa, ruwan ya yi tsada, talaka ya shiga wahala.

Wani attajiri Bature ɗan Ingila mazaunin Faris, Richard Wallace, shi ya ɗauki nauyin mashayu 50, aka kafa ta farko a 1872. Masassaƙi Charles-Auguste Lebourg ne ya fitar da fasalinta, maƙerar Val d'Osne ta zuba ta da ƙarfe. Babbar tana da tsawon mita 2.71 da nauyin kilo 610. Siffofin mata huɗu ne ke tallabe da wata 'yar ƙubba mai zanen ɓawon kifi da 'yan dolfin a samanta, ruwan kuma yana zubowa siriri daga tsakiyar ƙubbar zuwa kwano. An shafe ta da kore mai duhu domin ta saje da itatuwan tituna da lambuna. Da yake zubin ƙarfe ne, ana iya yin ɗari daga mazubi guda, kuma gyaranta ba wuya. Fiye da 100 suna nan a Faris suna ba da ruwa, sai dai akan rufe su da hunturu don kada ƙanƙara ta fasa bututu.

Birnin Rum kuwa ya gaji magudanan ruwa tun zamanin daular Rumawa, kuma ya daɗe da sanin irin wannan ado. A 1644 Bernini ya sassaƙa wa Fafaroma Urban na Takwas wata 'yar mashaya mai siffar buɗaɗɗiyar ƙumba da ƙudan zuma uku, domin jama'a da dabbobinsu. Ƙudan zuman tambarin gidan Fafaroman ne, abin da ke nuna cewa siffar halitta takan yi wa mai kyauta kirari kamar yadda take yi wa ruwa. Amma mashayar da ta zama ta kowa a Rum ita ce wadda aka fara kafawa a 1874 zamanin magajin gari Luigi Pianciani: wani dunƙulen ƙarfe mai tsawon mita ɗaya da 'yan kai, ruwa na fitowa daga bakin kawunan dodo uku. Daga baya aka cire kawunan aka sa lanƙwasasshen bututu guda, wanda ya sa mutanen birnin ke kiranta nasone, watau mai babban hanci. Yawansu ya kai wajen 2,500.

Da aka cire dodon, abin da ya rage shi ne ɗabi'ar idon ruwa tsantsa. Ruwan nasone ba ya tsayawa dare da rana, saboda haka ba ya kwana a bututu ya yi zafi ko ya gurɓace. A saman bututun kuma akwai 'yar ƙaramar huda. Idan mai sha ya toshe bakin bututun da yatsa, sai ruwan ya yi tsiri ta hudar ya faɗa bakinsa, ba tare da moɗa ba. Wannan gudana tana da tsadarta, domin a farin da aka yi a 2017 sai da aka rufe wasu na ɗan lokaci. Birnin Turin ya riƙe duka biyun, gudana da ado: mashayunsa wajen 800 koraye ne, ruwa na zuba daga kan bijimi, tambarin birnin.

5.0 Moɗa da Sarƙa

Sabil na Alƙahira da mashayun Landan da na Faris duk sun yi tarayya a aibi guda, watau moɗar da kowa ke kafa baki. Muddin ana ganin iska ce ke kawo cuta, ba wanda ya damu da ita. Da Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tarin fuka a 1882, da ta kwalara jim kaɗan bayan haka, sai aka fara kallon moɗar da wani ido. A 1908 wani malamin kimiyyar halittu a Amurka, Alvin Davison, ya duba kofunan sha na makarantu da madubin likita ya bayyana tarin ƙwayoyin cutar da ya gani a bakinsu. A 1909 jihar Kansas, bisa matsawar likita Samuel Crumbine, ta haramta moɗar tarayya a jiragen ƙasa da tashoshi da makarantu, sauran jihohi suka bi sahu. A Faris sai a 1952 aka cire moɗayen mashayun Wallace. Ke nan an yi shekaru da dama ruwa mai tsafta na fitowa daga ƙumba da bado, yana shiga moɗar da mai tari ya ajiye. Irin wannan ne Bahaushe ke kira kyan ɗan maciji.

Maganin da aka samo kwaikwayon ɗabi'a ne. Wanda ya tarar da marmaro a daji ba ya neman moɗa, sunkuyawa yake yi ya tari ruwan da ke ɓulɓulowa. Luther Haws, wani mai gyaran famfo kuma duba-gari a Berkeley ta jihar Kalifoniya, ya ƙera famfo mai tunkuɗo ruwa sama a 1906, bayan ya ga 'yan makaranta suna sha da moɗa guda. Halsey Taylor, wanda zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa, ya fara ƙera nasa a 1912. A wannan shekara kuma attajirin katako Simon Benson ya ba birnin Portland dala 10,000 aka kafa mashayun tagulla 20, kowace da kwano huɗu masu ɓulɓulo da ruwa.

Duk da haka sai da aka sake gyara. Binciken da aka yi cikin shekarun 1910 ya nuna cewa idan ruwan ya miƙe sama sak, abin da ya taɓa leɓen mai sha yakan komo ya faɗa kan bakin famfon. Saboda haka aka karkata tsirin ya riƙa fita ta gefe yana lanƙwasa kamar baka, aka kuma sa wa bakin famfon kariya don kada leɓe ya kai gare shi. Wannan ita ce ƙirar da ta game duniya, kuma ba ta da nisa da 'yar hudar nasone.

Kwaikwayon siffa bai mutu ba a Amurka. Cikin shekarun 1930, lokacin da gwamnati ta ɗauki matasa marasa aiki suka yi ta gine-gine a gandun daji da lambuna, an riƙa ɓoye bututu a cikin ƙaton dutse ko kututturen itace domin mashaya ta saje da inda take. Littafin da Albert Good ya tsara wa hukumar gandun dajin ƙasar a 1938 ya ƙunshi samfuran irin waɗannan. Sai dai wannan salo yana da tarkonsa. Idan ruwan da aka tace ya yi kama da na daji ƙwarai, baƙo yana iya zaton kowane ruwan daji haka yake, mai ƙishirwa kuma yana iya wuce mashayar bai gane ta ba. Ya kamata kuma a tuna cewa a jihohin kudancin ƙasar, a daidai wannan zamani, an raba mashayar farar fata da ta baƙar fata, har sai da dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 ta haramta hakan. Kyan ƙira bai hana a kori mai ƙishirwa ba.

6.0 Ƙafewa da Farfaɗowa

Da ruwan famfo ya shiga gidaje sai mashayar jama'a ta fara rasa masu kula da ita. Sabil na Alƙahira sun daina aiki bayan da aka shimfiɗa bututu a birnin daga rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Manyan mashayun zamanin Sarauniya Biktoriya da yawa sun ƙafe a ƙarni na 20, suka koma kayan kallo. Misali mai kyau shi ne wadda wani likitan haƙori, Henry Cogswell, ya ba birnin Washinton cikin shekarun 1880, da zalɓe a samanta da kifaye biyu sarƙe da juna. An tsara ta ne a riƙa zuba mata ƙanƙara domin ruwan ya yi sanyi. Da hukuma ta gaji da wannan ɗawainiya sai aka yanke ruwan, zalɓen yana nan tsaye har yau a kan busasshiyar mashaya. Daga shekarun 1970 kuma ruwan gorar roba ya mamaye kasuwa, ruwan sha a waje ya koma abin saye.

Sharar robar nan ce ta sa aka waiwayi mashaya. A 2009 aka buɗe wata sabuwa a Lambun Hyde na Landan, ƙirar David Harber, mai siffar dunƙulen ƙarfe da zanen fure. A 2010 hukumar lambunan sarauta ta sa gasa tsakanin masu zanen gini. Ɗaya daga cikin biyun da suka ci, aikin Robin Monotti Graziadei da Mark Titman, wani falalen dutse ne a tsaye da huda uku, ɗaya daidai tsawon babba, ɗaya daidai yaro ko mai keken guragu, ɗaya a ƙasa domin kare. Abin da suka kwaikwaya shi ne mashayar daji, inda babba da ƙarami ke taruwa a ruwa guda. Daga 2018 kuma magajin garin Landan da kamfanin ruwa na Tems suka haɗa hannu domin kafa sababbi fiye da 100, da siffar shuɗin ɗigon ruwa a samansu yadda za a hango su daga nesa, da wurin cika gora. Wannan ɗigo aikin da ƙumbar 1859 ta yi shi yake yi, watau kiran mai ƙishirwa.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kowane zamani ya ɗauko daga halitta siffar da za ta sa jama'a su amince da ruwan da aka ba su. An kuma ga cewa mashayun da suka tsare lafiya, suka kuma daɗe suna aiki, su ne waɗanda suka ɗauki ɗabi'ar ruwa: allon salsabil mai sanyayawa, matatar rairayi, gudanar nasone, da tsirin da ya kori moɗa. Inda aka kashe dukiya a kan ado aka manta da wanda zai riƙa kawo ruwa da gyara, gini ya tsaya, ruwa ya tafi.

Wannan tarihi ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Randar da ake girkewa a ƙofar gida ko bakin masallaci ko gindin itace domin matafiyi ya sha sadaka, sabil ce, kuma a Sudan, inda Hausawa da dama ke zaune, da wannan suna ake kiran jerin randunan bakin hanya. Randa ba ta kwaikwayi fure ko kifi ba, amma aikinta ɗaya da na salsabil: ruwa yana tsatsowa ta jikin yumɓu, iska tana ɗauke shi, na ciki yana yin sanyi, inuwa da jiƙaƙƙen rairayin da aka girke ta a kai suna taimakawa. Aibinta ma ɗaya da na mashayun Landan, domin moɗa guda kowa ke tsomawa yana kafa baki. Saboda haka idan hukumomin biranenmu suka tashi tanadin ruwan sha a lambuna da filayen taruwa, inda a yanzu ledar ruwa ta cika ko'ina, tambayoyin da tarihin nan ya bar musu a fili suke: daga ina ruwan zai fito, me zai tace shi, yaya zai isa baki ba tare da moɗar tarayya ba, kuma wa zai gyara famfon ranar da ya lalace? Bayan an amsa waɗannan ne magini zai zaɓi adon da ya ga ya dace.